Wayar da Ake Sa wa Murfi

Mista Zainudeen ya rubuta a Dandali cewa daga Salaga zuwa Yendi har Bawku babu sauran macen zango da ba ta ji saƙonsa ba. Ya ce mata dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha shida ne, kuma kashi casa'in da takwas cikin ɗari sun saurara har ƙarshe. Ya ce a iya saninsa ba a taɓa yin irin wannan ba a duk Afirka ta Yamma. A ƙasa ya liƙa hotonsa, wanda ya ɗauka da tabarau, ko da yake idonsa lafiya lau yake.

Shi Dandali wani waje ne a intanet inda ma'aikatan ƙungiyoyin raya ƙasashe ke haɗuwa suna koya wa juna yadda ake yi wa talakawa magana. Talakawan dai ba sa shiga. Wani ya rubuto daga Nepal ya ce abin ya burge shi. Wata daga Peru ta ce a aiko mata da tsarin. Kafin sati ya zagayo masu Dandali sun gayyaci Mista Zainudeen ya yi jawabi ta bidiyo ranar wata Alhamis, duniya tana kallo.

Rafi'atu ta karanta duk wannan a tsaye, tana riƙe da tsintsiya. Ita ce sakatariyar ofishin, ita ce mai shara, kuma muryar da ke cikin saƙon tata ce. Ofishin shago ɗaya ne a Yendi, bayan masu gyaran moto, wato babur, sunan ƙungiyar kuwa ya fi ƙofar faɗi, sai da mai fenti ya lanƙwasa shi ya gangaro gefe. Makaranta ta tsaya wa Rafi'atu a aji uku na ƙaramar sakandare. Kwamfuta a shagon fotokofi ta koya, da ido. Turancinta na rediyo ne da bayan kwali, yana kai ta inda za ta, ba ya dawo da ita.

Saƙon kuwa kan ƙwayar hatsi ne, wadda mata ke kira bom. Ana naɗe ta a tsumma a cusa cikin buhun masara, ta riƙa fitar da iska tana kashe ƙwari. Matsalar ita ce yawancin mata ba su da rumbu, inda suke kwana nan suke jingine buhu. Bara a Bawku yayar Rafi'atu, Fuseina, ta yi hakan. Da safe 'yarta Barakatu ta tashi tana amai, ita da 'yar maƙwabta da ta zo taya ta kwana. Barakatu ta yi kwana shida a asibiti ta dawo. 'Yar maƙwabtan ba ta dawo ba.

Tun daga nan Rafi'atu ba ta da wata magana sai ta bom. Da can takan hau moton ofis da lasifika ta bi kasuwanni, magajiyar mata ta tara mata jama'a, ta faɗa musu baki da baki, har ta nuna ƙwayar a cikin kwalba. Sai Mista Zainudeen ya dawo daga wani taro a Tamale ya ce wannan aikin mutanen da ne. Yanzu na'ura ce za ta riƙa kiran mata a waya tana karanta musu. Ya ɗauki samari suka bi kasuwanni uku da takarda suna rubuta suna da lamba. Moto kuma ya koma ƙarƙashinsa, lasifika ta koma kan kabad.

Rafi'atu ta shiga cikin bargo ta naɗi saƙon da muryarta don kada ƙarar masu gyaran moto ta shiga. Daƙiƙa arba'in ne cif. Mista Zainudeen ya saurara ya ce ya yi tsirara da yawa, ya ƙara masa gabatarwa ta minti biyu da daƙiƙa ashirin, da Turanci, da muryarsa, inda ya gode wa masu ba da tallafi ɗaya bayan ɗaya, ya kuma faɗi sunansa sau uku.

An shiga watan Oktoba. Masara ta bushe a gona, an fara ɓarewa. Nan da sati biyu zuwa uku buhuna za su shiga ɗakuna.

Ran nan da azahar ta kira Fuseina, don ta ga sunanta a jerin matan Bawku.

"Yaya, ya kika ji muryata a waya? Na yi kyau?"

"Wace murya?"

"Saƙon bom mana. Wata uku ana aiko miki, kowane sati."

"Ni dai babu wanda ya kira ni sai ke da mai kawo gawayi."

"To wace lamba kika ba yaran da suka zo rubuta suna?"

"Ta Baba Jibirilu."

"Yaya! Ba ki da waya ne? Da me muke magana yanzu?"

"Ke Rafi'a, ki yi hankali. Saurayi ya tsaya a kaina da takarda a tsakiyar kasuwa, ni matar aure in karanto masa lambata? Kuma cewa ya yi, lambar da za a same ki. A kasuwa ina ake samuna in ba wajen maigidana ba?"

Rafi'atu ta san amsar tun tana goye. Duk mai kawo kaya kasuwa tana da maigida, ba mijinta ba, mutumin da take sauka a wajensa. Shi ke ajiye mata kaya, shi ke nemo mai saye, in an aiko saƙo ko rasuwa aka yi shi ake gaya wa. Haka ake yi tun zamanin fataken goro. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a Dandali, don ba wanda ya ɗauka ilimi ne.

Ta buɗe jerin a kwamfuta. Kowa da ya taɓa duba shi ta wajen suna yake dubawa. Ita sai ta jera shi ta wajen lamba. Mata dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha shida suka tattare suka koma lamba sittin da uku. Lamba ɗaya a Salaga tana ɗauke da mata ɗari uku da goma sha biyu.

Ta jira Mista Zainudeen ya gama cin wakensa ya wanke hannu.

"Darakta, akwai abin da nake so ka gani."

Ya leƙo ta saman tabarau, ya ja baya.

"Wa ya ce ki juya mini data?"

"Ban juya ba. Jerawa na yi."

"Sista Rafi'a, wannan shi ake kira komyuniti netwok. Saƙo ya shiga waya ɗaya, ya bazu. Ƙarfinmu ke nan. Bari ma in ƙara shi a jawabina."

"Yayata ba ta ji ba."

"Yayarki mutum ɗaya ce. Mutum ɗaya ba ebidens ba ne."

"To a ba ni moto sati biyu kawai. Yendi, Salaga, sannan in hau mota zuwa Bawku. Kafin buhuna su shiga ɗaki."

"In ba ki moto, duniya ta ji cewa mun koma lasifika? Ana gobe zan yi jawabi?"

"Jawabin sai Alhamis ta sama."

"A wajena gobe ce." Ya nuna allon da cokali. "Kashi casa'in da takwas. Ba ni na rubuta ba, na'ura ce. Na'ura tana da dangi a Bawku?"

Wannan kashi casa'in da takwas ɗin ita ma ya tsaya mata a rai. In mutum ɗaya ake kira sau ɗari uku, wane irin mai haƙuri ne yake saurara har ƙarshe?

Da ya fita sallar la'asar ta gwada rubutawa a Dandali da kanta. Akwai wajen da aka ce kowa ya kawo darasin da ya koya. Ta haɗa Turancinta layi shida, ta goge, ta sake haɗawa. Ta danna. Dandali ya gode mata ƙwarai, ya ce muryoyi irin nata su ne ginshiƙin aikinsa, kuma rubutunta zai fito da zarar shugaban ƙungiyarta ya amince. Bayan minti ɗaya ta ji wayar Mista Zainudeen, da ya bari a kan tebur tana caji, ta yi ƙara.

Bai yi mata faɗa ba. Washegari dai ta tarar an canza kalmar sirrin shiga Dandali.

Ranar Asabar ta ce za ta gaida dangin uwarta, ta hau motar Bimbila, daga nan ta sake wata zuwa Salaga, ta isa da jan ƙasa har cikin kunne. Ba ta sha wahalar neman mai lambar ba. Ta karanta wa wani mai doya lambobin farko, ya ƙarasa mata sauran da ka, ya ce gidan Alhaji Sidiku, bayan tsohuwar rijiya.

Alhaji Sidiku tsoho ne dogo, jikan fataken goro, yana zaune a zaure tsakanin buhunan mutane. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Yendi da mutanen Yendi da hanyar da ta biyo. Da ta ce daga ƙungiyar da ke kiran waya take, sai ya daina jan carbi.

"Ku ne?"

"Mu ne, Baba."

"'Yata, me na yi muku?"

Bai jira amsa ba, ya kai ta cikin gida. Matarsa Hajiya Atikatu tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, gefenta ga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, irin wadda ake dafa shinkafar biki. Suna cikin gaisawa tukunyar ta fara kuka. Hajiya ko kallonta ba ta yi ba, ta ɗaga murfi, ta danna koren madannin wayar da ke ciki, ta mayar da murfi, ta ci gaba da ɓara. Daga ciki Rafi'atu ta ji muryar Mista Zainudeen can ƙasa-ƙasa, yana gode wa masu ba da tallafi.

"Kullum sau arba'in da wani abu," in ji Hajiya. "Da farko kashewa muke yi. Ashe in ka kashe sai ya sake kira sau uku. Sai muka gane gara a ɗauka a bar shi ya gama abin da ya kawo shi. Mutum ne mai son magana. A nan ba ya damun kowa."

"Mma Hajiya, ba ku taɓa ji har ƙarshe ba?"

"Turanci ne, 'yar nan. Alhaji ya ce masu caca ne."

"Ni kuma wayar kasuwancina ce," in ji Alhaji. "Shekara goma sha tara da lambar nan. Mai doya daga Kumasi ya kira ni, ya tarar ana magana. Sai da na sayi wata."

"Baba Jibirilu na Bawku fa, ka san shi?"

"Jibirilu? Shi a cikin buhun dusa yake sa tasa."

Rafi'atu ta tsuguna ta ɗaga murfin. Suka jira Mista Zainudeen ya faɗi sunansa na uku. Sai ga muryarta ta fito daga gindin tukunya, a hankali, da Hausa: kada a sa ƙwayar hatsi a ɗakin da ake kwana, kada a jingine buhun da ke da ita kusa da shimfiɗa, iskarta ba ta bambanta ƙwaro da yaro.

Hajiya ta daina ɓara.

"Ke ce wannan?"

"Ni ce."

"Wata uku kina cikin tukunyata kina faɗin wannan?"

Ta miƙe ba ta ko karkaɗe zani ba, ta shiga ɗakin da jikokinta ke kwana. Buhu biyu ne a bayan ƙofa. Su uku suka ja su waje, Alhaji yana salati, yana cewa a buɗe taga.

Gida ɗaya ke nan. Rafi'atu ta tambayi matan ɗari uku da goma sha biyu. Alhaji ya ce ai ba 'yan gari ba ne, na ƙauyuka ne, wasu sai an haye ruwa. Shekaranjiya aka ci kasuwa, sun zo, da yawansu sun sayi ƙwayar sun koma. Ya ce in sun dawo zai gaya wa duk wadda ta sauka a wajensa. Amma lokacin girbi ne, wata sai ta yi wata guda ba ta leƙo ba. Ta ce ko yana da lambobinsu. Ya ce in da suna ba da lambarsu, da me zai sa tasa ta shiga tukunya?

Ta zagaya masu sayar da ƙwayar guda huɗu a bakin tasha, ta roƙe su su riƙa faɗa wa masu saye. Uku suka ce to. Na huɗun ya ce ita likita ce? Ta kira Fuseina ta ce ta je wajen Baba Jibirilu ta ciro wayar daga dusa ta sa shi ya ji. Sannan ta hau mota ta koma Yendi. Lamba sittin da uku, ta kai ga biyu.

Ranar Litinin ta gaya wa Mista Zainudeen zancen tukunya, tiryan-tiryan. Ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Kin iya labari, Sista Rafi'a. Shi ya sa na ɗauke ki."

"Ko gabatarwar ce a cire. A fara da Hausa."

"In cire sunan masu tallafi? Kina so a rufe ofishin nan?"

"To a mayar da ita ƙarshe."

"A ina kika taɓa ganin an yi godiya a ƙarshe?"

Ranar Alhamis ya zo da kwat. Ya sa Rafi'atu ta rataya labule a bayansa don ya rufe kabad da lasifika, ya aika aka roƙi masu gyaran moto su yi haƙuri na awa ɗaya. Ƙarfe biyu allon ya cika da ƙananan fuskoki, kusan sittin, kowa a cikin ɗan akwatinsa. Mai jagorar taron wata Baturiya ce mai furfura da yawan gyaɗa kai. Rafi'atu tana gefe, inda kyamara ba ta kai ba, aikinta ta danna hoto na gaba.

Ya yi magana minti ashirin da biyar. Ya ce sirrin aikin shi ne sauraron al'umma. Aka yi ta aiko masa da ƙananan hotunan tafi.

Sai Baturiyar ta ce, da Turanci, abin ya yi kyau matuƙa, ko zai yiwu su ji daga bakin ɗaya daga cikin matan?

Rafi'atu ta girgiza masa kai. Bai kalle ta ba. Ya ce ba ma sai an shirya ba, ita Baturiyar ta zaɓi kowane suna da ta ga dama. Ya ɗora jerin Salaga a allo. Ta zaɓi Asana Sulley. Ya buga lambar da wayarsa, ya buɗe murya, ya kara kusa da kwamfuta.

"Salamu alaikum," in ji wata tsohuwar muryar namiji.

"Wa alaikumus salam. Muna neman Madam Asana Sulley."

"Asana tana ƙauye. Wa ke magana?"

Mista Zainudeen ya yi wa allon murmushi, ya ce mijinta ne, ta tafi gona, ga shaidar ƙwazon matan karkara. Ya kashe. Ya ce a zaɓi wata. Mutumin Nepal ya zaɓi Raihanatu Nashiru. Ya kwafi lambar yana kallon kyamara, bai lura da abin da yatsansa ke dannawa ba.

"Salamu alaikum," in ji muryar.

"Muna neman Madam Raihanatu."

"Ni ne dai, ɗan nan. Raihanatu ma tana ƙauye. Tsaya. Muryar nan na san ta. Kai ne mai godiya?"

Rafi'atu ba ta san lokacin da ta sunkuyo ba.

"Baba Alhaji, Rafi'atu ce ta Yendi. Matan sun zo?"

"A'a, 'yata! Kin je gida lafiya? An ci kasuwa, tara suka zo. Na gaya wa tara. Ɗaya ta ce ta riga ta zuba, na ce ta koma a ranar ta fitar."

"Sauran fa?"

"Sauran sai addu'a."

Mista Zainudeen ya janye wayar ya kashe. Gumi ya fito masa ta wuyan kwat. Ya ce wa allon wannan shugaban al'umma ne, yana tabbatar da cewa saƙo na bazuwa. A cikin akwatunan akwai wata mata daga Maraɗi, ta kunna makirfonta ta kashe, ta sake kunnawa ta kashe. Baturiyar ta gyaɗa kai, amma a hankali wannan karon, ta ce ko a gwada sau ɗaya kuma, mace dai suke so su ji.

Wannan karon da kansa ya zaɓa. Ya gangara can ƙasan jerin, nesa da na farkon, ya tsaya a kan Fadilatu Rahim. Rafi'atu ta kalli lambar, ta ga ta Alhaji ce dai, ta mayar da idonta kan labule.

Wayar ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka. Ba sallama. Aka ji muryar mace daga nesa tana cewa, "Alhaji, yau da bakinsa ya zo." Sai wani ƙara, ƙwal, na ƙarfe a kan ƙarfe.

"Halo? Madam Fadilatu? Halo?"

Muryarsa ta tafi Salaga ta dawo masa da amo, kamar mai magana a rijiya. Fuskoki sittin suka matso kusa da allo. Baturiyar ta tambaya ko layin ne ya lalace, wannan ƙarar ta mene ce?

Mista Zainudeen ya buɗe baki. Rafi'atu ta leƙo da kanta cikin kyamara, rabin fuska, ta tattaro Turancinta na bayan kwali.

"Layin lafiya yake, Madam," ta ce. "Murfin tukunya ne. Wayar tana ciki."

A kan wayar da ke hannunsa daƙiƙoƙi suna ta tafiya, ba wanda ya kashe.